Tara Cikin Ashirin

Yayana bai iya ƙarya ba, in ka cire wadda yake yi wa likita. Ba yabonsa nake yi ba, don mun sha wuyar halin nan a gida. In kin yi sabon ɗinki kika tambaye shi ko ya yi kyau, to ki shirya jin abin da ba ki so. Shi ya sa ranar da na gano cewa shekara shida ke nan yana aika lissafin da ba daidai ba, kuma lissafin nan ya raba wani bawan Allah da sana'arsa, sai da na kwana biyu ban iya buɗe baki na faɗa masa ba. Na san in ya ji ba zai iya haɗiyewa ba. Na kuma san in ya fito da maganar, aikin da ya rage masa a duniya zai kuɓuce masa.

Shekara goma sha uku ya ba ni. Ni ce auta, kuma har yau da nake da furfura, da shekara ashirin ina koyar da lissafi a sakandare, Auta yake kira na. Na yi wayo na tarar da shi yana gyaran birki a garejin motocin bas na gari, yana kuma buga wa kulob ɗin ma'aikatan wurin ƙwallo. Mai tsaron baya ne, na tsakiya. 'Yan kallo suka sa masa Farin Wando, don yadda ya shiga fili haka yake fita, ko ciyawa ba ta taɓa shi. Wasu da yabo suke faɗa, mafi yawa kuwa da ba'a, don a ganinsu ɗan bayan da bai yi birgima a ƙasa ba bai yi aiki ba. Shi kuma Yaya cewa yake duk wanda ka ga ya zube ƙasa yana neman ƙwallo, makara ya yi. Tun ƙwallo tana ƙafar mai ita ya san inda za ta bi, sai ya je ya tsaya a wurin. Mai ƙwallo ya ɗaga kai ya ga hanya a toshe, ya juya ya mayar baya, kuma ba wanda ke tafa wa fasin ɗin da ba a bayar ba.

Kulob ɗinsu mai ƙarfi ne a rukuninsu, ƙwallo tana ƙafarsu kusan duk tsawon wasa, saboda haka aikin 'yan baya kaɗan ne. Sau ɗaya wani mai neman 'yan wasa daga babban kulob ya zo kallo. Ya zauna da takarda da biro, ya ƙirga, aka tashi wasa ya ce wa kocinsu lamba huɗun nan, wato Yaya, sau huɗu kacal ya taɓa ƙwallo. Ya ɗauki abokin tsaron Yaya, wani mai zafin kai da ke share mutane da ƙwallon gaba ɗaya. Yaya bai taɓa ba ni labarin nan ba, daga bakin mahaifiyarmu na ji. Ta ce ranar ya dawo ya wanke takalman ƙwallonsa, ya shanya, ya zauna yana kallonsu har suka bushe.

Ya buga shekara goma sha ɗaya, ya ajiye, ya yi aure, ya ci gaba da birkinsa. Nakan kai masa saƙo gareji in tarar da shi a cikin rami ƙarƙashin bas, fitila a hannu, yana shafa wani ƙarfe da yatsa kamar mai duba zazzaɓin jariri. Direbobi na jin haushinsa, don in ya ce mota ba za ta fita ba, ko manaja ya sauko ba za ta fita ba. Shekara talatin da biyu ya yi a ramin nan. Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya dawo gida ya zame wa matarsa ciwon kai. Anti, kamar yadda nake kiranta, ta ce mini ya gyara duk wata ƙofa mai ƙara a gidan, har ta fara tunanin ɓata wasu don ya sami abin yi.

Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, shi ya kawo wasan kwamfutar nan gidan. Wasa ne da kai ne koci: ka sayi 'yan wasa, ka sayar, ka tsara su a fili, na'ura ta buga wasan ta ba ka sakamako. 'Yan wasan ciki mutane ne na gaske, da sunayensu da kulob ɗinsu, kuma kowanne an ba shi maki daga ɗaya zuwa ashirin a kan gudu, da fasin, da tsaron baya, da sauransu. Har ƙananan kulob-kulob na rukuni na uku, waɗanda Yaya ke zuwa kallo duk Asabar, suna ciki. Yaya ya sa tabarau ya leƙa makin 'yan bayan da ya sani, ya ja tsaki.

"Wane makaho ne ya rubuta wannan?"

Surukin ya ce ai kamfanin ma neman mutane suke, masu zuwa fili su ƙirga su aiko musu, don rukunin nan ba kyamara. Kafin sati ya zagayo Yaya ya cika takarda. Suka gwada shi da wasa uku, suka ba shi rukunin gaba ɗaya, tare da katin shiga fili mai igiya da ake ratayawa a wuya. Wallahi ban taɓa ganin babban mutum yana lallaɓa abu kamar katin nan ba. A aljihun tebur ɗaya yake ajiye shi da takardun gida.

Yadda yake aikin shi ne, awa guda kafin wasa ya isa. Ba ya zama a tsakiya inda manya ke zama, can sama bayan raga yake hawa, ta gefen kwana, wai daga nan ne ake ganin layin 'yan baya yadda yake buɗewa da rufewa. Yana da littafi mai layi biyar ga kowane ɗan baya: ƙwallon da ya ƙwace daga ƙafar abokin hamayya, fasin ɗin da ya tare a hanya, ƙwallon da ya kore daga gaban raga, ta sama da ya ci da ka, da bugun da ya toshe da jikinsa. Fensir uku a aljihu, duk a fiƙe. Agogon danna biyu a wuya tare da katin, ɗaya na wannan kulob ɗaya na wancan, duk wanda ƙwallo ta koma ƙafarsa sai ya danna nasa. Ba ya tafi, ba ya ihu, ko an ci ƙwallo kansa na kan littafi. In ka yi masa magana ana wasa, ka yi da bango.

Lahadi da safe yake lissafi a teburin cin abinci, Anti na mita tana zagaye shi da faranti. Wata rana na je na tarar da shi a kai, ya ja mini kujera, don ya daɗe yana neman wanda zai yi wa bayani.

"Ke da kike malamar lissafi, zo ki ga na gaske. Da farko sai ki mayar da kowa minti casa'in, don wanda ya buga rabin wasa kada a auna shi da wanda ya buga duka. Wannan ko yaro ya sani. Ga inda kan yake. Mai gadin shagon da ɓarayi ke zuwa kullum, da mai gadin shagon da sai wata-wata suke leƙawa, wa zai fi kama ɓarayi?"

"Na farkon."

"Shi ya fi iya gadi ke nan?"

"Ba lallai ba."

"To haka ƙwallo take. Kulob ɗin da ba ya riƙe ƙwallo, 'yan bayansa kullum cikin aiki suke, lambobinsu su cika littafi. Kulob mai ƙarfi kuwa, ɗan bayansa sai ya yi minti goma bai ga ƙwallo ba. In kika ɗauki ƙirge yadda yake, kin zalunci na biyun. Sai a daidaita, a mayar da kowa kamar an raba ƙwallo rabi da rabi. Wanda aka fi kai wa hari a rage masa, wanda ba a cika kai wa ba a ƙara masa."

Na ce lissafin ya yi, don ya yi. Na tambaye shi ko kamfanin ne suka ce ya riƙa yin haka. Ya yi wani murmushi.

"Su da ke zaune a ofis? Na'ura ta taɓa tsayawa a baya? Ni nake gyara musu kafin in aika."

A lokacin ban ga komai a maganar ba. Na dai gane cewa ba da kamfanin yake ba, da mutumin nan mai takarda da biro yake, wanda ya zo shekara talatin da suka wuce. Har na ji daɗi a raina, na ce ga shi Allah ya ba shi dama yana share wa irinsa hawaye.

A shekararsa ta uku a aikin aka yi maganar Lamba Biyar. Haka Yaya ke kiransa, ni ma haka na san shi. Ɗan baya ne a kulob ɗin da ke can ƙasan teburi, waɗanda in suka riƙe ƙwallo kashi talatin cikin ɗari ranar sun yi ƙoƙari. Shekararsa ashirin da shida. Wani kulob na rukuni na biyu ya nemi ɗan baya, kuma da yake ba su da mutanen da za su zaga filaye, sai suka buɗe jerin sunayen da ke cikin wasan kwamfutar, suka ce duk wanda makinsa na tsaron baya ya kai sha biyu a kira shi gwaji. Lamba Biyar tara yake da shi. Kocinsa ya hau har bayan raga ya sami Yaya, ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya ce yaron nan shi kaɗai ke riƙe masa kulob. Yaya ya ce masa lissafi ba ya son kowa kuma ba ya ƙin kowa.

Sati na gaba Lamba Biyar ya zo gida da kansa. Ina nan, na zo duba Anti da ba ta jin daɗi. Dogo ne mai sanyin murya, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaida Yaya, ya ce ba rigima ta kawo shi ba, so yake ya san inda ya gaza. Yaya ya buɗe masa littafi, ya nuna masa layi-layi, ya yi masa bayanin masu gadin shago. Ya ce masa yawan aiki ba shi ne iya aiki ba. Saurayin ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya tafi. Da kakar wasa ta ƙare ya ajiye ƙwallo. Yaya ya ce abin tausayi ne, amma gara mutum ya san matsayinsa da wuri.

Bayan shekara uku aka yi wa Yaya aikin yanar ido. Likita ya hana shi kallon kwamfuta na sati shida, shi kuma ya rantse wa likita zai kiyaye, ya dawo gida ya ce in kunna masa. Na ƙi. Muka yi yarjejeniya: zai je fili da idonsa ɗaya mai lafiya ya ƙirga, ya yi lissafinsa a takarda, ni in shigar. Lahadin farko na zauna a gaban shafin kamfanin da takardarsa a gefe. A jikin kowane gurbi akwai wata 'yar alamar tambaya. Hali na malamai, ba na cika takarda ban karanta umarni ba, sai na danna. Rubutu ya fito, layi biyu: a shigar da abin da aka ƙirga a fili kawai, kada a daidaita shi da riƙon ƙwallo, domin injin wasan yana yin wannan da kansa.

Na karanta sau uku. Na danna ta gurbi na biyu, iri ɗaya. Ba na bukatar takarda in san abin da wannan ke nufi. Yaya yana ragewa, injin yana sake ragewa a kan ragin. Yaya yana ƙarawa, injin yana sake ƙarawa. Shekara shida 'yan bayan manyan kulob suna samun ƙari biyu, na ƙananan ana yankarsu sau biyu. Na rufe kwamfutar na ce masa shafin ya ƙi buɗewa.

Da na koma gida na tuna Lamba Biyar, don lambobinsa sun zauna mini tun ranar. Ƙwace da tarewa, yana yin goma sha huɗu a wasa. Abokan hamayya na riƙe ƙwallo kashi saba'in, to in an mayar rabi da rabi, sha huɗu ta koma goma. Yaya ya aika goma. Injin ya ɗauki goman ya sake yi mata abin da aka riga aka yi, ta koma bakwai. Haka sauran layukan suka sha. A rukunin nan mai bakwai gama-gari ne, mai goma kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Kwana biyu ina jujjuya abin. Ba zan ɓoye ba, shiru na so in yi. Na ce tunda ni ke shigarwa, sai in riƙa sa ƙirgen fili, in ya warke in san dabarar da zan yi masa. Wa zai sani? Abin da ya wuce ya wuce, ihu bayan hari ne. Amma duk sanda na rufe ido sai in ga dogon nan a durƙushe yana godiya, sai haushi ya kama ni, haushin Yaya da taurin kansa, mutumin da zai duba kusoshi ɗari a ƙarƙashin bas amma ba zai danna alamar tambaya ɗaya ba. Ranar Talata bayan na tashi daga makaranta na wuce gidansa.

Yana falo, ido ɗaya a liƙe da bandeji. Na buɗe shafin, na karanta masa layi biyun. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce in miƙo masa littafin shekara ta uku, mai koren bango. Ya kawo shi dab da idonsa mai gani, ya yi ta bin lambobi da yatsa, leɓensa na motsi. Can ya rufe littafin ya ɗora a gwiwa.

"Tun yaushe rubutun nan yake wurin?"

"Ban sani ba, Yaya. Ina jin tun farko."

"Tun farko."

Anti tana bakin ƙofar kicin, ta ji komai. Ta goge hannu ta zo ta zauna kusa da shi.

"Malam, ka saurare ni. Ba da gangan ka yi ba. Ka gyara daga yau, shi ke nan. In ka gaya musu, karɓe katin nan za su yi, kuma ni na san abin da zaman gida ke yi maka. Shekara shida ban ga ka yi ciwo ba sai idon nan. Auta, ki gaya masa mana."

Na ce, "Yaya, Anti ta yi gaskiya. Ba wanda zai sani."

Ya juyo da idon nan ɗaya ya dube ni, har na sunkuyar da kai.

"Mutum nawa ne, Auta? Kulob sha takwas, 'yan baya huɗu-huɗu, shekara shida. Ke ce malamar lissafi." Ya dafa littafin da ke gwiwarsa. "Na ce zan gyara zaluncin da aka yi mini, sai na ɗora wa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Garin neman gira na rasa ido. Ɗauko biro."

Shi ya faɗa, ni na rubuta. Wasiƙar ba ta kai layi goma ba, ba uzuri, ba neman afuwa mai tsawo. Ya faɗi abin da ya yi, da tun yaushe, ya ce yana da ƙirgen fili na kowane wasa a littafi, zai aika duka. Sati uku muka yi muna shigar da su, littafi goma sha ɗaya. Da muka gama wata mata daga kamfanin ta kira, shugabar masu ƙirge ce. Na sa wayar a fili muka ji tare. Ta yi masa magana da mutunci, ta ce ba ta taɓa ganin littattafai masu tsabta irin nasa ba, ta ce su ma suna da laifi da ba su lura ba. Za su gyara makin duk wanda yake buga wasa yanzu a sabuwar fitowar wasan. Amma dokarsu ce, rukunin zai koma hannun wani.

Yaya ya ce ya ji, ya kuma tambaya, "Waɗanda suka ajiye ƙwallo fa?"

Ta ce wanda ya ajiye ana cire shi daga wasan gaba ɗaya, ba inda za a gyara.

Ya yi mata godiya. Ya ɗauko katin daga aljihun tebur, ya naɗe igiyar a jikinsa, ya sa a ambulan ya ba ni in kai gidan waya. Anti ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ni ma na yi kuka a mota, don na san daga ranar Asabar ɗinsa ta zama kamar kowace rana.

Na ɗauka an gama ke nan, ashe da saura. Ya roƙi matar kamfanin nan ta faɗa masa makin da ke fitowa in an sa lambobin Lamba Biyar na gaskiya, ta yi masa alheri ta gwada ta aiko. Ya kwafe komai a farar takarda da rubutunsa na hannu, layi biyar, da abin da ya aika, da abin da ya kamata ya aika, makin a ƙasa ya ja masa layi biyu. Ya nemi tsohon kocin Lamba Biyar, wanda ya zage shi a waya tas kafin ya ba shi kwatance. Lamba Biyar yana aiki a wani siton tayil na daɓen gidaje a bakin gari, yana tuƙa motar ɗaga kaya.

Na ce, "Yaya, ka yi tunani. Me zai amfana masa yanzu? Shekararsa ashirin da tara. Kuma ko da an kira shi gwajin, ba tabbas za su ɗauke shi."

"Nasa ne," in ji shi. "Ba zan riƙe masa abinsa ba."

Ni na tuƙa shi, don idon bai gama warkewa ba. Mun isa da tsakar rana, lokacin hutun ma'aikata. Sito ne mai tsawo, rufin kwano, kwalayen tayil an jera su har sama layi-layi, ƙasa duk farin garin siminti da shatin taya. Mai gadi ya nuna mana shi a can ƙarshe, zaune a kan matakin motarsa da gorar ruwa. Ya yi ƙiba kaɗan, ya tara gemu. Da ya gane Yaya ya miƙe da sauri, ya durƙusa kamar wancan karon.

"Baba! Kai ne a nan? Me ya sami idon? Sannu, Malama. Bari in samo muku kujera."

"Bar kujera," in ji Yaya. "Tashi, ɗana. Ni ya kamata in durƙusa."

Ya faɗa masa a tsaye, daga farko har ƙarshe, bai rage komai ba. Har ranar da saurayin ya zo gida sai da ya ambata. Ya miƙa masa takardar. Lamba Biyar ya goge hannu a wando ya karɓa. Ya daɗe yana kallonta, fiye da lokacin da karatunta ke bukata.

"Sha biyar?"

"Sha biyar."

"Su sha biyu suke nema."

"Sha biyu."

Lamba Biyar ya koma ya zauna a kan matakin. Wani abokin aikinsa ya taho zai yi masa magana, ya ga fuskarsa, ya juya.

"Ka san, Baba, koci ya ce kada in kula. Abokaina suka ce lissafin banza ne, wasan yara. Matata ma ta ce in ƙara shekara ɗaya. Na ce musu a'a, Farin Wando ne ya rubuta. Mahaifina ya ga wasanka, ya ce bai taɓa ganin mai ido irinka ba. Ƙafata na gaya mini na iya, kai ka ce ban iya ba, na yarda da kai na ƙaryata ƙafata."

Ya juya takardar a hannunsa, ya ci gaba.

"Na ba ƙanena takalman. Na zo nan. Wallahi, Baba, ina lafiya. Shekara uku ina kallon kulob ɗin nan a talabijin hankalina kwance, in ce can ba wurina ba ne, kowa da inda Allah ya ajiye shi. Har wanda suka ɗauka a gwajin nake yi wa tafi." Ya sake duban takardar. "Yanzu in yi yaya da wannan?"

"Ka yafe mini."

"Na yafe, Baba. Duniya da lahira na yafe. Amma da ka bar ni da tarata."

Aka buga ƙararrawar komawa aiki. Ya ninke takardar gida huɗu, ya rasa inda zai sa ta, ya cusa a aljihun gaba. Ya yi mana sallama da ladabi, ya hau motar, ya tayar, ya zura ƙarafan ƙarƙashin kwalaye ya ɗaga. Ya yi tafiya kaɗan cikin layin, sai motar ta tsaya. Kayan na sama a rataye, injin na ruri, shi kuma hannu biyu a kan sitiyari, yana kallon gabansa. Shugaban ma'aikata ya kira shi sau ɗaya, sau biyu, ya ɗaga murya a na uku, bai waiwayo ba. Yaya na tsaye inda yake, yana kallon bayan saurayin da ido ɗaya, har sai da na kama hannun rigarsa na ja shi zuwa ƙofa.